Koya wa yara tawali'u da wasa da aikin hannu: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan daga bakin malaman firamare da na Islamiyya suka fito, wasu kuma iyaye ne suka tare ni da su a ƙofar makaranta lokacin tashi. Na ga kusan abu guda ake ta maimaitawa, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Amsoshin daga abin da na gwada ne a aji, da yara 'yan shekara 6 zuwa 12.

Wai tawali'u abin koyarwa da wasa ne? Wa'azi bai isa ba?

Wa'azi na da muhallinsa, amma shi kaɗai ba ya kai mu inda muke so. Na taɓa ba yara haddar aya ta 18 a Suratu Luƙman, inda yake ce wa ɗansa kada ya karkatar da kuncinsa ga mutane, kada kuma ya yi tafiya a bayan ƙasa da taƙama. Wani yaro ya miƙe ya kawo ta ba gyara ko ɗaya, har da fassara. Zamansa ke da wuya sai ya dubi na kusa da shi, wanda ya yi ta in-ina, ya taɓe baki ya ce, "Kai dai ba ka ja."

Girman kai ba ya fitowa lokacin da yaro ya naɗe hannu yana sauraron malam. Yana fitowa ne in an cinye shi a wasa, ko an yi masa gyara a gaban 'yan'uwansa, ko an haɗa shi aiki da wanda ya raina. Wasa da aikin hannu su ke jawo irin waɗannan lokuta cikin aji, inda malam yake tsaye yana gani, har ya samu damar sa baki tun abin yana ɗanye.

Da me zan gane wasan da ya dace da wanda bai dace ba?

Ni ma'aunina hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ne da ke cikin Sahihu Muslim. Annabi (SAW) ya ce wanda akwai gwargwadon ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani mutum ya ce ai mutum yakan so tufafinsa da takalminsa su yi kyau. Sai aka amsa masa cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To ga abu biyu nan. Duk wasan da zan kawo, sai na tambayi kaina: zai sa yaro ya karɓi gyara? Zai sa ya ga darajar wanda ya saba rainawa? In babu ko ɗaya, wasan nishaɗi ne kawai, ba laifi a yi shi, amma kada a yaudari kai. Kuma ku lura, hadisin bai hana yaro ya yi aiki mai kyau ya ji daɗinsa ba.

Akwai wani yaro a ajina, ba ya magana, kullum kansa a sunkuye. Shi ba ya bukatar wannan darasin, ko?

Malama, a nan muke yawan yin kuskure. Mun taso muna yabon yaro mai shiru, muna cewa ga ladabi, ga kunya. Wani shirun ladabi ne, wani tsoro ne, wani kuma yaron ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba komai ba ne. Wannan na ƙarshen ba tawali'u yake yi ba, karayar zuciya ce, kuma in aka ƙara danne shi an cuce shi. Akwai ma shirun da girman kai ne tsantsa: yaron da ba zai taɓa ɗaga hannu ba don kada a ga ya yi kuskure. Shi ya sa wasannin nan hanya biyu suke aiki. Mai ji da kansa ya gane yana bukatar wani, wanda ya raina kansa kuma ya gane ana bukatarsa.

Da wane aikin hannu zan fara?

Motar kara. Bayan girbi kara ba shi da tsada, a wasu garuruwan ma roƙa kawai za ka yi. A samo sillen karan dawa busasshe, a ɓare ɓawon, totuwar ciki ita ce jikin mota, ɓawon kuma a tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa. Taya a yanko ta daga tsohon silifas ko sakaina. Yara su yi bibbiyu, amma malam ne zai haɗa su, kuma da gangan zai haɗa.

Na taɓa haɗa wani yaro da tun aji ɗaya shi ke zuwa na ɗaya, da wani da ya girme wa 'yan ajin, ya maimaita aji, kullum a makare yake zuwa don sai ya kai awaki kiwo. Na ɗayan ya janye karan gabansa, bai ko dubi ɗan'uwansa ba. Ya soka tsinke, totuwa ta tsage. Ya ɗauki wata, ita ma ta tsage. Ta uku ma haka. Shi kuwa mai awakin yana zaune ya zuba masa ido, hannunsa na ƙaiƙayi, bai ce uffan ba. Can da ya ga motocin wasu sun fara tsayuwa, sai ya tura karan gefe, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "To ya ake yi?" Ɗayan ya karɓa, ya feƙe bakin tsinken da farce, ya nuna masa ba a sokawa a baki-baki, a tsakiya ake sa shi ana murzawa a hankali. Kafin a kaɗa ƙararrawa motarsu har da bodi da wurin ɗora kaya.

Ban ce musu komai ba, kuma ina ganin da na tsaya na yi jawabi a kai da na ɓata abin. Ba kuma zan ce daga ranar yaron ya zama waliyyi ba, don a makon da ya biyo ma sai da ya yi wa wani dariya a darasin lissafi. Amma "to ya ake yi" ɗin nan ban taɓa jin ta a bakinsa ba sai ranar.

A kula, ɓawon kara yana yanka kamar reza. 'Yan aji ɗaya da biyu malam ne zai ɓare musu tun a gida.

Yumɓu fa? Ba zai ɓata musu kayan makaranta ba?

Zai ɓata, sai a sanar da iyaye su zo da tsohuwar riga. Abin da nake so da yumɓu shi ne bai san ɗan wane ba. In ka yi gaggawa, ko ka shanya kaskonka a rana tsaka maimakon inuwa, zai tsage ko da ubanka ne hakimin garin. Hannun kowa kuma launi ɗaya yake komawa.

Kafin mu fara nakan ce a ciro takardar naira 20, in an samu mai ita, a juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali. Ba ta yi karatun boko ba, a gida ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yanzu, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Yara sukan yi tsit in suka ji mai ginin tukwane ce ke kan kuɗin da suke sayen alewa da shi.

Akwai aikin da duk aji za su yi tare, ya zama ba na kowa ba?

Akwai tabarmar takarda. A yanka tsofaffin kalanda ko kwali dogo-dogo, faɗin yatsa biyu, kowane yaro ya samu tsiri ɗaya ya rubuta sunansa a bayansa. Sai a saƙa, wannan ya bi ta sama, wancan ta ƙasa, yadda ake saƙar kaba. In an gama sunayen duk sun koma ƙasa, ba mai iya nuna nasa, amma ka zare guda ɗaya ka ga yadda gurbin zai buɗe. Tufkar igiya ma haka take, da zaren tsohon buhu: dole wani ya riƙe maka bakin, in ya saki ta warware.

Wasanninmu na gargajiya za su yi, ko sai an nemo na wani wuri?

Za su yi, har ma sun fi, domin yaran sun san dokokinsu. Ɗan gyara kawai ake yi.

A langa akwai wanda ake kira ruwa, shi zai ratsa ya kai wurin sha, sauran 'yan ɓangarensa na tare masa abokan karawa, kowa riƙe da ƙafa ɗaya. Bisa al'ada in ya sha shi ake ɗagawa. Ni nakan tsayar da shi in ce, "Faɗa mana su wa suka tare maka." Dole ya waiwaya ya tuna wanda aka kayar dominsa. Sannan ruwan ya riƙa zagayawa, har ya zo kan ɗan ƙaramin cikinsu, manyan su zama masu kare shi. Wani ƙato zai yi ta gunaguni a karon farko. A bar shi ya yi, zai huce.

Gaɗa kuwa ba ta ma bukatar gyara. Yarinya ta juya baya ta saki jiki ta faɗa, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Wadda ba ta yarda da kowa ba ba ta iya faɗawa, sai ka ga ta ƙame tana leƙen baya. Abin da malama za ta lura da shi kawai shi ne kada a ware wata, a ce ita ba za a tare ta ba.

Ga manyan aji akwai dara: a haƙa ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan duwatsu wancan tsinke. Dokata ɗaya ce a nan, wanda ya ci shi ke kwashe kayan ya share wurin.

Yaya zan koya wa yaro ya ce "ban sani ba"?

Kakanninmu sun riga sun gama mana wannan aikin a kacici-kacici. In aka ce maka "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ka rasa amsa, ba ka da mafita sai ka ba da gari. Ka ce na ba ka Katsina, ko na ba ka Zinder, mai tambaya ya karɓa ya gama yabon garinsa, sannan ya ce maka tsintsiya ce. Ka amsa cewa ba ka sani ba, ka biya, an sanar da kai, kowa na dariya, ba wanda ya muzanta. Nakan ware minti goma ranar Alhamis don wannan, kuma nakan sa yara su tambaye ni. Na sha ba da gari. Akwai yarinyar da ta karɓe mini Kano da Zariya a zama ɗaya, da wani kacici-kacici da ta ji wurin kakarta.

Ga 'yan aji biyar da shida nakan ƙara da labarin Imamu Malik, wanda mazhabarsa aka fi bi a ƙasashenmu. An ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki.

Ke nan a daina gasa gaba ɗaya?

A'a. Yaron da bai taɓa faɗuwa ba, a ina zai koyi yadda ake faɗuwa? Abin da za a hana shi ne ature, da waƙar tsokana, da bin wanda aka cinye har gida. Akwai labari a Sahihul Buhari da yara maza ke so ƙwarai. Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Wani balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, sai Annabi ya nuna musu cewa babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Allah Ya saukar da shi. Bai ce a sake tseren ba, bai ce an yi maguɗi ba. Nakan ba da labarin kafin a fita fili, ba bayan an dawo wani na kuka ba.

Shara da wanke banɗaki ba su ne ainihin darasin ƙanƙan da kai ba?

Sun zama darasi in kowa na yi. Amma in shara horo ce ta wanda ya makara ko ya yi surutu, to abin da ka koya wa aji shi ne tsintsiya ta masu laifi ce, kuma wanda sana'arsa ke nan ƙasƙantacce ne. Ka rushe da hannun hagu abin da ka gina da na dama. A yi jadawali, ya bi kan kowa: monita, na ɗaya, ɗan mai makaranta, maza da mata. Maza musamman, don a gidaje da yawa an sa musu a rai cewa shara ta mata ce, alhali Nana A'isha ta faɗa cewa Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Shi ma muƙamin monita ya riƙa zagayawa duk mako biyu. Yaron da ya shekara yana rubuta sunayen masu surutu, tafiyarsa ma canjawa take yi.

Kamun kunne da tsallen kwaɗo kuwa ba su da alaƙa da tawali'u. Yaro zai rusuna maka, amma a ransa jira yake ya girma ya sa wani.

'Ya'yan masu hali suna raina sauran. Me zan yi ba tare da na kunyata kowa ba?

Kada a kira sunan kowa, kada kuma a mai da ɗan talaka abin misali a gaban aji, wannan ya fi rainin ciwo. Ni wasan zare nake yi. A ɗora malmalar tuwo, ko hotonta, a tsakiya. Yaro ɗaya ya riƙe bakin zare a matsayin mai ci. Sai a tambaya, wa ya tuƙa? Wa ya niƙa garin? Wa ya ɗebo ruwa, wa ya faskara ice, wa ya sussuka, wa ya noma, wa ya ƙera fartanyar? Duk wanda ya kawo amsa ya riƙe zaren ya zama wannan mutumin. Kafin a ankara zare ya zagaye aji. Sai a ce maƙeri ya saki nasa, a ga yadda sauran zai yi sako-sako.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a ƙasar Hausa akwai sana'o'in da ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa, irin su fawa, jima, wanzanci da ƙira, kuma yara a gida suke jin wannan. In da hali, a gayyato baduku ko maƙeri ko mai saƙar faifai ya zo da kayan aikinsa. A ba shi kujerar malam, a ce yara su kira shi Malam, kai kuma ka zauna a benci ka gwada aikin a gabansu. In allura ta soke ka, to, haka ake so.

Ba na son 'yata ta koyi yin shiru a cuce ta da sunan tawali'u.

Hajiya, kina da gaskiya, kuma wannan tsoron nawa ne ni ma. Sau da yawa abin da ake kira taurin kai a wurin yarinya, in namiji ne ya yi sai a ce jarumta. Hadisin da na kawo ya ce girman kai ƙin gaskiya ne, bai ce faɗin gaskiya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Ba wanda ya ce ta rasa kunya. A wasanninmu yarinya tana jagorantar rukuni, tana yi wa namiji gyara, ana kuma koya mata cewa "ban yarda ba" da ladabi.

Ajina akwai Musulmi da Kirista. Zai yiwu?

Motar kara ba ta da addini, langa ma haka. Wurin labari ne kowa zai kawo nasa. Yaran Kirista sun san yadda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa a Yohanna sura 13, da maganar zaɓen wurin zama na baya a wurin biki a Luka sura 14. A bar su su ba da labarin da bakinsu, sauran su saurara, kamar yadda su ma za su saurari labarin taguwa.

In ba da kyauta ga wanda ya fi kowa tawali'u a ƙarshen zango?

Kada ka soma. Na gwada sau ɗaya, yaron ya zagaye makaranta da littafin da na ba shi yana cewa ya fi kowa ƙanƙan da kai. Sauran kuma suka koma share aji sai in ina kallo. In ka ga abin kirki, ka matsa kusa ka faɗa masa shi kaɗai, ka kuma ambaci abin da ya yi: "Na ga ka tambayi ɗan'uwanka, na ji daɗi."

Yarana sun kai 90, ba kuɗi, iyaye kuma na cewa karatu suka kawo su ba wasan ƙasa ba.

Duk abin da na lissafa, babu wanda ya wuce kara, yumɓu, tsohon buhu da kalanda. Aji mai yawa a raba shi rukuni-rukuni na goma, a fita ƙarƙashin bishiya, rukuni uku su yi yau, sauran gobe. Aikin hannu kuma yana cikin manhajar firamare, a darasin al'adu da fasaha, ba satar lokaci aka yi ba. Su kuwa iyaye, ba na jayayya da su. Nakan ce, "Alhaji, ranar Laraba ka leƙo minti goma." Mafi yawansu da sun ga motar kara sai su tsuguna su fara gyara wa yaran taya, suna ba da labarin irin wadda suka yi a zamaninsu.

In malam ya yi kuskure a allo yaro ya gyara masa, me ya kamata ya yi?

Ya juya ya dubi allon, ba yaron ba. In kuskure ne ya ce, "Gaskiyarka, na gode," ya miƙa masa alli ya zo ya gyara da hannunsa. Kada ya ce da ma gwada ku nake yi, yara sun san wannan dabarar tun daga aji biyu. Na taɓa rubuta 7 sau 8 daidai da 54, wata 'yar mitsitsiya a layin gaba ta ɗaga hannu tana rawar murya ta ce, "Malam, 56 ne." Ajin ya yi tsit, ana jiran a ga abin da zai same ta. Da ta zo gyarawa hannunta bai kai wurin ba, sai da na jawo mata kujerata ta taka.